Inuwata a Gindin Hasumiya

Duk ranar Asabar, tun kafin motoci su cika titi, baban yara yake fita da mu yawon keke. Shi ne a gaba, 'ya'yanmu mata biyu a tsakiya, ni a can baya, kwandon kekena cike da gorunan ruwa da famfon taya da rigunan da suke tuɓewa idan gumi ya karyo musu.

Wuri uku muke tsayawa: tsohuwar gada, mutum-mutumin soja, sai hasumiyar agogo. A kowanne sai ya karanta wa yaran tarihin wanda ya gina, sannan ya miƙo mini wayarsa ko kallona bai yi ba.

Shekara shida ke nan ina ɗaukar su. Bangon falonmu ya cika da hotuna, ba ni a ko ɗaya. Sai dai a na hasumiya, rana tana fitowa ta bayana, inuwata ta miƙe zungureriya har ƙafafunsu. Idan ina goge gilasan hotunan, ita nake nema.

Yau Auta ta lura. Ta nuna ƙasa, ta ce, "Baba, ka ga Mama ma ta shigo hoton."

Ya karɓi wayar, ya ƙura wa hoton ido, ya ja tsaki.

"Ashe abin da ke ɓata mana hoto ke nan. Maman yara, ɗan matsa gefe mana."

Na matsa. Hoton ya fito fes. Shi ya ce a wanko babba a rataye, kuma ni zan riƙa goge shi.