Ƙanƙarar Jannatu

Jannatu ta cika da hantsi, bayan wata biyu tana fama da ciwon kala-azar. Maganar da ta bar wa yayarta Huseina guda ɗaya ce: kada a rufe ta sai Nasir ya ga fuskarta. Nasir kuwa, mijinta na shekara ɗaya tak, yana Kwala Lumfur cikin ɗaliban da gwamnatin Inkaz ta Sudan ta tura karatu.

Huseina ta same shi a waya. Kuka ya hana shi magana, sai da ƙyar ya jero mata hanyar: sa'a bakwai zuwa Dubai, jiran sa'a huɗu, wasu huɗun zuwa Khartum, sannan shida a bas kafin Gadarif.

"Yaya, ki riƙe mini ita. Don Allah."

"Na riƙe," ta ce.

Baffansu Sharu na zaune a ƙarƙashin rumfa da masu gaisuwa. Ta durƙusa daga gefe.

"Baffa, sa'a ashirin da ɗaya ce kawai."

"Kawai? A wannan zafin na Afrilu? Ya bitti, 'yata, shekara huɗu ubana ya yi a ƙafa daga Katsina zuwa Gadarif, a nan ya ji mutuwar uwarsa, bai ce a jira shi ba. Ku da jirgi ya ɗauke muku tafiyar shekaru, shi ne za ku hana mamaci makwancinsa? Bayan La'asar za a kai ta."

"Ba a kai ta, Baffa."

Masu gaisuwa suka juyo suna kallon Huseina. Ba ta taɓa musa masa ba.

Wuta ta ɗauke tun safe. Huseina ta aika kasuwa aka kawo ƙanƙara sanda uku a keken jaki, ta nannaɗe su da buhunan riɗi, ta jera a gefen gadon igiyar da Jannatu ke kwance. Ta zauna tana fifita, tana gaya wa ƙanwarta inda jirgin ya kai, kamar mai rarrashin yaro. Yanzu yana kan teku. Yanzu ya doshi Indiya.

Ƙanƙarar ba ta san lissafi ba. Kafin Azahar ta wuce, ruwa ya kwanta a ƙasan ɗakin, ƙudaje sun fara taruwa a kan mayafin. Huseina ta ɗaga shi a hankali. Ta daɗe tana kallo. Wannan ba fuskar da Nasir ya bari ba ce, ba kuma wadda Jannatu take so ya gani ba.

Ta mayar da mayafin, ta fito ƙafafunta sharkaf.

"Baffa, a kira masu wanka."

Sharu ya sunkuyar da kai, bai ce ai na faɗa ba.

Da aka fita da makara bayan La'asar, ta sake kiran Nasir. Wayarsa a kashe. Yana can sama, da sauran sa'a goma sha shida a gabansa, yana ganin an riƙe masa ita.