Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

…kuma wai sai da baƙin biro, shuɗi ba ya yi. To na samo baƙin, na ara wurin matar da ke gefena a benci, ga shi nan ya jiƙe da gumi a hannuna, sai me? Suna — na rubuta. Shekaru — na rubuta. Karatun renon yara da na yi shekara biyu, na rubuta har da lambar takardar shaida. Tambaya goma na amsa ko kai ban ɗaga ba. Sai ta goma sha ɗaya.

"An taɓa samunki da laifi a gaban kotu? Eh. A'a."

Akwati biyu 'yan mitsi-mitsi, ko ƙwayar wake ba za ta zauna a ciki ba. Ba su bar ko layi ɗaya a ƙasa ba, su ce yi bayani. A ina zan rubuta ruwan wanke kai ne? A ina zan rubuta ba ni na zubar ba?

Yaya, kina jina? Ina fa. Kina can shago yanzu, na san ki, kin kama kan wata kina tsifa, rediyo na ta surutu, kina ba su labari Autarmu ta je neman aiki makarantar renon yara. Kina faɗa da cika baki, kamar ke kika yi karatun.

Mu tara ne a bencin nan, mutum biyu za a ɗauka. Sakatariya ta ce a cike fom kafin a kira lamba, shugabar makaranta tana karantawa ne a gaban mutum. Ni ce ta shida. Ta uku ce a ciki yanzu. Ta bayan bango ina jin yara suna rera ƙirga, ɗaya, biyu, uku, wani yana tsallake huɗu kullum — ni na san yadda ake gyara wannan, da murfin kwalba ake yi, a sa masa a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya… Na iya aikin nan, Yaya. Wallahi na iya.

Wata Asabar ce abin ya faru, a shagonki. Tawul ne a hannuna, tawul kawai. Magudanar shagonki ta toshe wata biyu, kullum gobe za ki kira mai gyara, gobe, gobe. Kika ɗauki baho cike da ruwan rini, baƙi wuluk, kumfa a sama, kika watsa shi titi ba tare da kin ko leƙa ba. Ya tafi sululu har takalmin wani duba-gari da ke wucewa. Takalmi mai ruwan ƙasa, sabo. Mutumin ya kalli ƙafarsa, ya kalli ƙofa, ya zaro littafi daga aljihu.

"Wa ya zubar?"

Sai kika juyo kika dube ni. Wannan kallon — tun ina 'yar shekara biyar na san shi, da shi kike aikena, da shi kike hana ni magana gaban baƙi. Kika matso kamar za ki karɓi tawul, kika ce a kunnena, Auta ba da sunanki, da girmana da surukaina ba zan tsaya gaban alƙali ba, ƙaramin abu ne, ko rubutawa ba a yi.

Ni kuma shashasha. Ke kika goya ni da Inna ta rasu, ko ba haka ba? Ke kika yi min kitson makaranta, kika ɗinka min rigar farko. Ta yaya ƙanwa za ta zauna a kujera yayarta na tsaye a gaban shari'a? Me dangi za su ce? Na buɗe baki na ce ni ce. Har da harhaɗa masa sunan da kyau kada ya yi kuskure. Kin ga wauta, har taimaka masa na yi.

An kira ta huɗu. Ta miƙe tana gyara mayafi, fom ɗinta fes, na hango, ta sa A'a da ƙarfi har biro ya kusa huda takarda. Ita ba ta da yaya mai shago, ga alama.

To wai shi laifi, duk ɗaya ne? Mai zubar da ruwa da mai fasa gida, akwati ɗaya za su shiga? A ɗakin kotun nan mun fi arba'in, fanka ta mutu, kowa na fifita da takardar sammacinsa. Wani akuyarsa ce ta shiga titi. Wani mota ya ajiye a bakin asibiti. Wata tsohuwa tumatir ta kasa a hanyar masu tafiya a ƙafa, tana ta tambayar kowa ko ɗaure ta za a yi. Mijinki na zaune a gefena, Lauyan Benci, mutumin da duk iliminsa na shari'a shi ne ya taɓa buga takardu a rumfar bakin kotu. Ki amsa laifin kawai, in ji shi, in kika musa a yi ta ɗaga zama har ki tsufa.

Na amsa. Ko minti biyu ba a yi ba. Alƙalin bai ga fuskata ba, rubutu yake yi — rubutu yake yi, Yaya, da idona na ga biro na tafiya, kuma ban tambayi kaina me yake rubutawa ba. Biyan tara, da sharar titi kwana uku.

Kin biya tarar, eh, na sani, kin faɗa min ya fi sau ɗari. A wurinki magana ta ƙare ke nan. Shara fa? Wa ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa da ke warin gumin wani? Kuma don cin fuska titin shagonki aka ba ni. Kwana uku ina jan tsintsiya daga shagon mai magani zuwa kwana, 'yan ajinmu na wucewa suna sunkuyar da kai wai don kada in ji kunya. Ke kuma kin tsaya a ƙofa da mataji a hannu kina ɗaga min hannu. Kin ɗaga min hannu. Rana ta biyu kika aiko min da ruwan sanyi, kika ce a ce min in share gaban shagon da kyau tunda dai ana yi. Wasa kike, na sani. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don ban san inda zan kai fuskata ba.

Haushi nake ji, haushi.

Kuma na tambaya, kada ki ce ban tambaya ba. Mijinki ya ce shekara ɗaya ake gogewa. Mai magani ya ce biyar. Wata 'yar ajinmu da ƙanin babanta ke aiki a kotu ta ce ba a gogewa sai mutum ya nema a rubuce, wata ta ce irin wannan ƙaramin ma ba shi ake nufi ba, amma ba ta da tabbas. Kowa lauya ne sai an zo sa hannu. Ga shi nan a ƙasan fom, da ƙananan baƙaƙe kamar tururuwa: makaranta za ta bincika, duk wanda ya ba da bayanin ƙarya za a sallame shi, kuma ana iya kai shi gaba. Gaba ina? Ɗakin nan dai mai matacciyar fanka. Sai dai wannan karon laifin nawa ne na gaske.

In sa Eh — shugabar ta kai idonta layin, ta ɗago, ta ce mun gode za mu neme ki. Mutum tara, wa zai tsaya jin tarihin baho? Kuma ban ga laifinsu ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Yara ne. Ni ma da zan ba wata ɗiyata ta riƙe min tun safe har azahar, sai na tambaya. In sa A'a — in fara aiki, in koya wa wancan yaron huɗu, wata uku, wata shida, kullum in ji an buɗe ƙofar aji gabana ya faɗi…

In kuma na fasa, na tashi na tafi? Ina zan koma? Shago. In riƙe tawul, in wanke kawunan mutane, ki riƙa ce wa masu zuwa ai Autarmu ta yi karatu, aiki ne dai babu a ƙasa.

Da safen nan a waya kika ce, ki sa A'a mana, wa zai sani? Cikin sauƙi, kina tauna wani abu. Wa zai sani. Irin muryar nan ce dai ta ranar Asabar, ko rubutawa ba a…

Dakata.

Ranar nan, bayan duba-gari ya tafi. Ina tsugune ina goge bakin ƙofa da tsumma. Wata mata mai ƙiba tana ƙarƙashin injin busar da gashi, ba ta ji sosai, sai kika ɗaga murya. Me kika ce mata? Kika ce Allah Ya rufa asiri, da sunana ya sake shiga karo na biyu, rufe shagon za su yi.

Karo na biyu.

Ta yaya za su san na biyu ne, in ba a rubuta na farkon ba?

Ba surukai ba ne. Ba girma ba ne. Kin taɓa tsayawa a ɗakin nan, ke da kanki, kin ga biron alƙali na tafiya kamar yadda na gani. Kin san ana rubutawa. Kin san yana zama. Kika auna shagonki, kika auna sunana, a tsaye, a cikin daƙiƙa nawa? Kuma lokacin saura wata huɗu in gama karatun, ke ce ma kike tashina in yi bita…

Kuma na ji. Abin ke nan. Ina tsugune a wurin, na ji da kunnena, na ci gaba da goge ƙasa. Shekara ɗaya da rabi maganar tana cikin kaina ban taɓa juya ta ba, don in na juya ta, wa ya rage min? Ke kaɗai ce, Yaya.

Ta biyar ta fito ba ta kalli kowa ba. Matar gefena tana taɓa min gwiwar hannu, bironta take so, ita ma ba ta gama ba. Na gaji. Ko fushin ma ya yi min nauyi, ban san inda zan ajiye shi ba.

"Lamba ta shida."

Ni ce. Kullum ni ce. Na miƙe, fom a hannu, bakin biro yana kan farar takarda tsakanin akwatunan biyu, ya yi ɗan ɗigo baƙi a inda babu amsa… sakatariya ta riƙe ƙofa tana jirana, a ciki kuma yaron nan ya sake tsallake huɗu.