Ƙunshin da Aka Tono a Gonar Hajara

Bayan isha'i na ji wani ƙwas-ƙwas daga gonar maƙwabciyata Hajara, gonar da take ciyar da marayunta da ita a Toranke. Da safe sai ga Badaru, ƙanen marigayi mijinta, ya zube a ƙofar masallaci wasu ƙananan ƙunshin ƙyalle da ya tono a gonar.

Na san su. Malama Kamila mai binciken tsirrai ce ta binne su da yardar Hajara, don gwajin da take yi a kan saiwar dawa. Ta taɓa nuna min wani farin zare a saiwar dawa, ta ce fumfuna ce, tana jawo wa saiwar ruwa, saiwar tana ciyar da ita. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Badaru ya ce, "Kun ga dalilin da dawarta ta fi ta kowa? Asiri ne, albarkar gonakinku take zuƙewa!"

Na ce, "Bincike ne fa, ɗana."

"Baffa, kai ma ta wanke ta ba ka ke nan." Aka tuntsire da dariya.

Suka ƙone ƙunshin, dangi suka ƙwace gonar suka damƙa wa Badaru. Abdulmumin na bayan gidana ya ce wa Badaru, "To dawar asirin fa, ƙonewa za ku yi, ko rumbunka za ta?"