Ƙofa Mai Sheƙi

Wajen goma da rabi na safe Auta ta ɓare ledar da ke manne a ƙofar firij ɗin, sai ta ga fuskarta a karkace. Goshinta ya baje, haɓarta ta zame gefe guda, layin fitilun rufin da ke bayanta ya lanƙwashe kamar igiyar da aka yar a ƙasa. Ta ɓare ƙofa ta biyu, haka. Ta uku ma haka.

Auta ce injiniyar kamfanin. Ma'aikata Injiniya suke ce mata, a gida kuwa Auta, don ita ce ƙaramarsu. Kamfanin harhaɗa firij ne da mahaifinsu ya rasu ya bari, yayanta ke riƙe da shi shekara shida ke nan. A ranar, da sha biyun rana, suna jiran wata mata mai kantunan kayan lantarki a garuruwa da dama, za ta zo ta zaɓi irin ƙarfen da za a yi fuskar firij ɗin da take so. In ta zaɓa, layukan harhaɗawa biyu na kamfanin sun samu aikin shekara guda cur.

An jera mata samfurin ƙofa uku a ɗakin nuni, duka na ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Akwai mai sheƙi kamar madubi. Akwai mai siraran layuka a tsaye, wadda aka goge da bel mai kaushi na injin goge ƙarfe. Sai mai dushi-dushi, wadda aka shafa wa wani sinadari don kada shatin yatsu ya zauna. Waɗanda Auta ke ɓarewa a cikin masana'anta kuwa ƙofofin gwaji ne guda shida masu sheƙi, da ta sa aka fitar jiya daga ainihin layi, don ta ga yadda za su fito in aiki ya kankama.

"Baba Dogo, zo ka gani," ta ce.

Tsohon ya kashe injin gogensa ya taho yana share hannu a jikin riga. Tun zamanin mahaifinsu yake wannan aiki. Ya tsaya gaban ƙofar ya dubi kansa na ɗan lokaci.

"To, ni da ma ba kyau gare ni ba," ya ce, "amma ban kai haka muni ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen tana shafawa a hankali. Hannu ba ya jin komai, ido ne kawai ke kamawa. Ta san dalili. Kumfar da ake ɗurawa a cikin ƙofa don ta riƙe sanyi tana shiga da zafi, ta kumbura, in ta huce ta ja jikinta. Fallen ƙarfe mai kauri ba ya kula ta. Siriri kuwa sai ya bi ta, ya yi tudu da kwari ƙanana, madubi kuma ba ya rufa wa kowa asiri.

"Amma ta ɗakin nuni lafiyarta ƙalau," ta ce. "Jiya na duba ta."

Baba Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Baba."

"Waccan ba daga fallen sito aka yanke ta ba. Makon jiya Maigida, yayanki, ya zo da falle ɗaya mai kauri a bayan motarsa, ya ce a yi samfuri da shi. Ni dai aka ce in yi, na yi."

"Na sito fa? Duka irin wannan ne?"

"Har rufi. Lokacin da kike hutun haihuwa aka sauke shi, mota uku."

Ta hau matakalar ofis ba tare da ta cire hular aiki ba. Yayanta na tsaye bakin taga yana gyara hannun riga, turarensa ya cika ɗakin. Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Yaya, na ɓare ƙofofin gwaji."

Bai juyo ba nan da nan. "Wa ya ce ki yi gwaji?"

"Aikina ne ya ce."

Ya zauna, ya nuna mata kujera, ta ƙi. Ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi in ya riga ya gama shawara. Ya ce an kawo masa tayin ƙarfen ne ba ta nan, ya ga yana da kyau ga araha ya karɓa, bai san kumfa za ta yi masa haka ba sai bayan an sauke. Mayarwa ba ta yiwuwa. Ya ce a kanti da leda ake jera firij, ba wanda zai tsaya yana auna goshinsa a jiki.

"Sai an kai gida a ɓare," ta ce. "Matar gida ta tsaya kullum da safe tana ganin kanta kamar a bayan cokali. Cikin wata biyu za a fara dawo mana da su."

"Wasu za su dawo, wasu ba za su dawo ba. Kafin nan mun miƙe." Ya dube ta. "Auta, mutum tamanin ke cin abinci a ƙasan nan. Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru kawai na roƙe ki, na awa ɗaya."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ni za ta tambaya. Ni ne mai kamfanin."

Ta sauko ƙasa. Agogon bango ya nuna sha ɗaya. Ta wuce kai tsaye wurin Baba Dogo.

"In aka bi ta kan mai sheƙin nan da bel mai laushi, aka mai da ita mai layi, lanƙwasar za ta ɓuya?"

Ya sosa gemu. "Layi yana watsa haske, ido ba ya samun abin kamawa. Za ta ragu sosai. Amma fallen nan kamar takarda yake. In bel ya ɗan daɗe a wuri guda zai ƙone, ya yi shuɗi. Ban taɓa gwadawa a siriri irin wannan ba."

"Gwada."

"Maigida ya sani?"

"Ni na sa ka."

Ya kwantar da ƙofa ɗaya a kan tebur, ya ɗaure ta, ya tayar da injin. Rabin farko ya tafi lafiya. Yana kaiwa kusa da mariƙi sai wani tabo ruwan toka ya ɓullo, ya koma shuɗi, warin ƙonanniyar kumfa ya tashi. Ya ɗaga hannu da sauri, amma ta riga ta lalace. Ya sauke ta ya jingina a bango, fuskarta na kallon ciki.

"Sai na rage gudu, in riƙa sa ruwa," ya ce. "Ban yi miki alkawari ba."

Kafin ta amsa aka aiko daga ƙofar shiga cewa baƙuwa ta iso. Saura rabin awa lokacin da aka yi da ita ya cika.

Mai kantunan dattijuwa ce gajera, da tabarau rataye a wuya, tana tafiya kamar gwiwa na damunta. Ta ƙi shayi, ta ƙi kujera. Yaya ya fara bayani da fara'a, ta bar shi yana yi, ita kuma ta buɗe jaka ta ciro man shafawa, ta mutsuke a tafin hannu, ta bi ƙofofin uku ta manna wa kowace hannu. A mai dushi-dushi ba a ga komai ba. A mai layi an ga ɗan duhu. A mai sheƙi yatsu biyar suka fito raɗau.

"Jikokina bakwai," ta ce. "Na san abin da hannun yaro ke yi wa firij."

Gaban Auta ya ɗan lafa. In matar ta ƙi mai sheƙin da kanta, shi ke nan, ba sai kowa ya buɗe baki ba.

Matar ta sa tabarau ta ja da baya taku uku. Ta daɗe tana kallo.

"Sai dai ni ba don gidana nake saye ba. Mai saye da ido yake shigowa kanti. Wannan in fitila ta doke ta, daga titi za a hango." Ta goge shatin hannunta da gefen mayafi, ƙarfen ya dawo tas, fuskarta ta fito a ciki daidai. "Mai sheƙin nake so."

Yaya ya sauke numfashi. Ya jawo takardun da ke kan tebur ya cire murfin biro. "Ranki ya daɗe, kin yi zaɓi. Ƙarfen ma yana sito, gobe za mu fara."

Ta karɓi biron. Ba ta sunkuya ba, sai ta juyo wajen Auta, wadda ke tsaye kusa da ƙofa da hula a hannu.

"Ke 'yata, an ce ke ce injiniyar. Tun da na shigo ko tari ba ki yi ba. Wannan da nake gani, irinta za a kawo min?"

"Ai duk abu ɗaya ne," in ji Yaya.

"Ita na tambaya."

Auta ta ji ƙarar injin matse ƙarfe daga ƙasa, tana zuwa tana komawa. Ta dubi yayanta. Bai harare ta ba, kallonta kawai yake yi, irin kallon da ya yi mata ranar da suka fito daga asibiti ba mahaifinsu.

"A'a," ta ce. "Ba irinta ba ce. Wannan fallenta ya fi kauri. In za ki iya sauka ƙasa, in nuna miki."

Matar ta ajiye biron a kan takardar, a hankali. Suka sauka matakala, ita a gaba tana dafa ƙarfen gefe, Yaya a can baya.

Ta tsaya gaban ƙofofin gwajin ta ga kanta a karkace. Ta matsa hagu, ta matsa dama, fuskar na narkewa tana haɗuwa. Ma'aikatan da ke kusa suka rage hayaniya.

"Shekarata talatin ina sayar da kayan nan," ta ce, ba tare da ta dubi Yaya ba. "An sha yi min. Ban dai zaci a gidan nan ba. Mahaifinku ya taɓa bina har kanti ya karɓe firij goma da kansa, saboda robar bakin ƙofa ɗaya da bai yarda da ita ba."

Ta rataya jaka ta juya za ta tafi.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni minti goma sha biyar," in ji Auta. "Akwai abin da muke gwadawa. Na farko ya ƙone, ga shi can a jingine. Ban sani ba ko na biyu zai yi."

Matar ta dubi ƙofar da ke jingine, ta dubi Auta. "Kawo min kujera."

Baba Dogo ya ɗaure wata ƙofar. Ya sauya bel, ya rage gudun injin har ƙararsa ta koma gurnani. Auta ta ɗauki robar ruwa ta tsaya a gefensa tana fesawa gaban bel ɗin. Ya fara daga sama ya ja zuwa ƙasa, bai tsaya ba, bai ƙara nauyin hannu ba, ya ɗaga ya koma sama. Ruwa baƙi-baƙi na gangarowa kan takalminta. Da suka kusa mariƙi, inda ta farko ta ƙone, ta ga jijiyar wuyan tsohon ta miƙe. Ta ƙara ruwa. Bel ya wuce.

Suka goge ta da tsumma suka tayar da ita tsaye. Sheƙin ya tafi, siraran layuka sun sauka daga sama har ƙasa. Matar ta tashi ta sa tabarau. Daga gaba ba ta ga komai ba. Ta sa aka juya ƙofar wajen taga, ta kwantar da kai a gefe tana leƙe.

"Ga ta nan, kaɗan."

"Tana nan," in ji Auta. "Ba za ta ɓace duka ba."

"Kowace ƙofa sai an yi mata wannan wahalar?"

"A falle za mu riƙa gogewa tun kafin a lanƙwasa. Zai fi sauƙi, amma aikin zai yi jinkiri."

Matar ta cire tabarau ta sake shi a ƙirji. Ta ce za ta karɓi kashi ɗaya cikin uku na abin da ta zo nema, mai layi, kuma kowace ƙofa a ɓare ledarta a duba kafin a sake rufewa, da sa hannun injiniya. Sauran sai ta ga yadda waɗannan suka yi a kanti. Yaya ya raka ta har mota, ta amsa sallamarsa da kai kawai.

Da ya dawo ya samu Auta tana wanke hannu a famfon bakin sito. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Kashi ɗaya cikin uku ba zai riƙe layi biyu ba," ya ce. "Kin sani."

"Na sani."

"Mutanen layi na biyu za su koma kwana uku a mako, daga wata mai zuwa. Tun da ke ce mai faɗar gaskiya, ke za ki faɗa musu."

"Yaya, da ka gaya min tun ranar da aka sauke ƙarfen nan, da mun..."

Ya riga ya juya. Ta bi bayansa da kallo har ya hau matakala ya rufe ofis.

An buga ƙararrawar hutun rana. Ta share hannu a wando ta nufi rumfar da ma'aikata ke cin abinci. Mutanen layi na biyu na zaune a dogon bencin ƙarshe, sun buɗe kwanuka, wata mai ɗaura wayoyi tana ba da labarin yadda surukarta ta kwana uku tana fushi da rediyo. Da suka ga Injiniya dariyar ta tsaya. Matar ta matsa ta ba ta wuri, ta turo mata kwano.

"Bismilla, Injiniya."

Auta ta zauna. Ba ta taɓa abincin ba.

"Ku ci gaba da ci," ta ce. "Akwai maganar da zan yi muku, kuma ba mai daɗi ba ce."