Shafin da Umma Ba Ta Rufewa

Kwamfutar Umma ta girmi aurena. Batirinta ya mutu tun tuni, da wayar caja kawai take numfashi. Ana zare filogi za ta ɗauke ɗif. Umma ba ta kashe ta, ba ta kuma rufe shafi. Duk abin da ya burge ta a intanet sai ta bar shi a buɗe ta buɗe wani, har kawunan shafukan da ke jere a sama suka tsuke kamar haƙoran mataji.

"Umma, wannan ai ba ajiya ba ce, jibge ce," na ce mata.

"Auta, ni ba na rufe ƙofa a kan aikin da ban gama ba."

Ni kuwa tsara bayanai ne aikina a ofis, kuma ina ji da kaina. Ina da manhajar rubutu a waya, inda nake ajiye duk shafin da zan buƙata, kowanne da sunansa da 'yar tunatarwa a ƙasa. Da cikina ya tsufa, maigidana ya yi tafiyar aiki, na dawo gida zama, sai na ɗaura ɗamarar wayar da kan Umma. Na bi shafukanta ɗaya bayan ɗaya ina kwafe adireshinsu a manhajar: na shuke-shuke daban, na maganin ciwon gaɓɓai daban, na saƙa daban. Na miƙa mata wayar ina hura hanci. Ta ce Allah ya yi albarka, ta koma gaban kwamfutarta.

Shafi ɗaya ne take kallo kullum. Wata tsohuwa ce a wata duniyar ta zana yadda ake saƙa rigar sanyin jariri da kwarashi, mai ado kamar jerin ganye a ƙirji, da lissafin kowane layi. Mu duka 'ya'yanta rigar sanyinmu ta farko daga hannun Umma ta fito. Yanzu yatsunta sun kumbura, layi kaɗan take yi ta ajiye tana murza su. Ba ta ɓoye min ba, ta ce wannan ce ta ƙarshe, kuma tana so ta gama kafin in sauka. Ta saƙa baya da rabin gaba, saura ganyen da hannuwa.

Wata safiya muna zaune a falo, na ce bari in nuna mata amfanin aikina, ta yi saƙarta a kan kujera mai laushi maimakon ta ranƙwafa a gaban tebur. Na danna adireshin rigar. Farin allo ya fito da gajeren rubutu: ba a sami shafin ba. Na sake dannawa, na laluba ta ko'ina. Gidan yanar gizon gaba ɗaya an rufe shi. Ashe kwatancen gida na ajiye, masu gidan kuwa sun tashi da kayansu.

"Ya aka yi kika yi tsuru-tsuru?" in ji Umma.

"Shafin ne babu shi. Sun cire."

"Nawa dai yana nan. Ɗazu na duba shi."

Sai a lokacin na gane. Rigar nan babu inda ta rage mana sai a allon tsohuwar kwamfutar da nake wa ba'a, kuma tana mutuwa shi ke nan, ko an kunna ta babu inda za ta sake ɗauko shafin. Ban gama wannan tunanin ba na ji ƙarar jan tsani a baranda. Baba ne. Ya daɗe yana alkawarin gyara fankar ɗakina, kuma duk ranakun duniya bai ga ta cika alkawari ba sai yau. Baba ba ya taɓa waya sai ya kashe wutar gida gaba ɗaya. Ga shi kunnensa ya yi nauyi.

"Baba! Kada ka kashe!"

"Yanzu zan kashe, ki kwantar da hankalinki!" ya amsa daga can.

Likita ya ce in riƙa tafiya a hankali. Ranar dai likita bai gan ni ba. Na tallabe ciki da hannu biyu na runtuma, takalmi ɗaya a ƙafa, Umma a bayana tana salati, ƙullin ulu na bin ta yana warwarewa. Na iske Baba ya buɗe akwatin makunni, yatsansa a kai. Na cafke hannunsa ina haki.

Ya dube ni ya dubi cikin, ya yar da sukudireba. "Haihuwar ce? A kira mota?"

"Rigar ce, Baba!"

"Wace riga kuma ake haifa?"

Umma ta sa shi ya zauna a kan tsanin, ta ce kada ya motsa ko sauro ne ya cije shi. Muka koma gaban kwamfuta. Na shiga manhajata a kanta, ita kuma tana gurnani kamar tsohon firiji. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar haka muka fafe shi.

"Ki ɗauki hoton wajen nan da waya kawai," Umma ta ce, tana nuna lissafin jariri sabuwar haihuwa. "Shi kaɗai nake buƙata. Kada ki yi ta danne-danne ki kore min shi."

Na ɗauki hoton don hankalinta ya kwanta. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ce wannan karon ba kwatance zan ajiye ba, gidan zan ɗauko da rufinsa. Na zaɓi ajiye shafin dungurungum, na danna. Wani ɗan layi ya fara cika a hankali, ya kai rabi ya tsaya yana tunani. Tsoro ya kama ni sosai, har ɗan cikin ya ɗan harbe ni. Baba yana ta tambaya daga baranda ko ya kashe, mu biyu muna haɗa baki muna cewa a'a.

Layin ya cika. Na duba wayata, ga shafin nan daga sama har ƙasa, da hotunansa, da ganyen, da dogon bayanin da ba mu taɓa gangarawa mun karanta ba. Umma ta karɓa ta ƙura ido, ta gwada da na allo layi-layi. Ta ce ya yi, amma duk da haka fanka ta jira. Baba ya mayar da tsaninsa yana cewa shi dai a gidan nan kwamfuta ta fi shi gata.

Ta gama rigar kafin in sauka, ta ninke ta a jakar asibiti. Sai ga yaro ya zo, tubarkalla, ƙato, har ungozoma tana tambaya ko da jakar makarantarsa ya taho. Da muka dawo gida Umma ta ɗauko riga tana wa angon nata kirari. Kai ya ƙi shiga. Ta gwada ta nan, ta gwada ta can, hannun ma ko damtsensa bai wuce ba. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, amma na ga ta dubi yatsunta. Tausayinta ya cika min ciki.

Na jawo waya na gangara can ƙasan shafin, wajen da ta ce ba ta buƙata. Tsohuwar ta rubuta lissafin manyan jarirai ma, har na mai rarrafe.

"Umma, ga na ƙattai nan."

Ta karanta, fuskarta ta washe, sannan ta girgiza kai. "Lissafi ya samu, Auta. Hannun ne babu."

"Ga nawa."

Ta dubi hannuna. Sai ta kama bakin zaren ta ja, rigar ta fara warwarewa, ta ɗora min kwarashin a tafi. Haka muka yi ta: wayar a jingine da kofi, ita tana karanta lissafi tana yi min tsiyar cewa na riƙe kwarashi kamar mai haƙar rijiya, ni ina saƙawa yaro na barci a cinyarta. Ganyen ƙirji kawai ta karɓa ta yi da kanta, ta ce wannan ba na 'yan koyo ba ne. Hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, kuma kowa ya san na wace ce.

Ranar da rigar ta shige shi, Umma ta ɗauke shi zuwa gaban kwamfuta. Ta nemo shafin a cikin haƙoran matajin, ta dube shi, ta dubi ganyen da ke ƙirjin jikanta, ta rufe shafin da hannunta. Sannan ta leƙa baranda ta ɗaga murya yadda Baba zai ji.

"Malam, zo ka kashe wutarka. Mun gama."