Ranakun da Ba a Auna Ba

An ɗaure littattafan goma-goma da igiyar roba, aka jingine su a bangon baranda kamar kayan wanda aka sallama. Littafi ɗari uku da ’yan kai, duk masu baƙin bango, kowanne da lambar tasha da shekara a gadon bayansa. Ranar Juma’a mota za ta zo ta kwashe su. Ba wanda ya gaya wa Anti Rajista inda za a kai su, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta wuce ta gabansu da takardar shaidarta a cikin leda. Shekara ashirin da huɗu tana riƙe da ɗakin ajiya na ofishin auna ruwan sama, har sunan aikin ya cinye nata. Yanzu an rufe ɗakin, tunda komai ya koma kwamfuta. An buɗe gurbi ɗaya tal a bene, na mai kula da rumbun bayanai, aka ce mai so ya nema. Idan ba ta samu ba, ƙarshen wata za ta tattara nata-ya-nata ta koma gida.

Wata shida ta yi tana koyon SQL, harshen da ake yi wa rumbun tambaya da shi. Kullum bayan la’asar sai ta ari kwamfutar autarta, ta zauna a teburin falo, ta ɗora tabarau a karan hanci.

“Mama, malamin da ke cikin bidiyon nan fa kin haife shi,” in ji Auta.

“Shi ya sa yake zuba kamar ana bin sa da bulala. Mayar min da shi baya.”

Ta yi jarrabawa, ta ci, aka turo takardar shaida mai hatimi ruwan zinare. Auta ce ta kai aka buga ta a takarda mai kauri.

A bencin ƙofar ofishin Darakta ta tarar da abokin takararta. Ma’aikacin sashen kwamfuta ne, ɗan shekara talatin da ɗoriya, mai ’ya’ya biyu. Tun da ya jera takardun shaida uku a bangon ofishinsa ake kiransa Mai Uku. Ya matsa mata.

“Anti, ashe da gaske kin yi? Guda nawa?”

“Ɗaya.”

“To, ɗaya ma ai takarda ce.”

“Kai naka ukun tare za ka miƙa musu, ko safe da rana da yamma, kamar magani?”

Ya yi dariya har da dukan cinya. Sai kuma ya sassauta murya. “Wallahi Anti, wuri biyar na je da su. Su ne ke shigar da mutum ɗaki, wannan gaskiya ne. Amma da ka zauna, ko kallonsu ba a yi. Kwamfuta za su juyo maka su ce bismilla.”

Aka kira shi. Ta rage ita kaɗai, tana kallon taga.

Daga nan ana hango filin da ke bayan ofis, inda ma’aunin farko yake. Yanzu na’ura ce a wurin, mai farantin hasken rana, tana aika lissafinta da kanta. A da kuwa bututun tagulla ne a tsakiyar ciyawa, da mazurari a bakinsa, da kwalba a cikinsa. A nan ta fara aiki, tana ’yar shekara ashirin da biyu, a hannun Baba Mai Kwalba. Ƙarfe takwas na safe, ko ana ruwa ko ana rana, zai jingine kekensa a jikin waya, ya juye ruwan a gilashin awo, ya ɗaga shi daidai idonsa, ya yi shiru kamar mai sauraron wani. Sannan ya zaro fensir daga bayan kunne. Rigarsa kullum warin jiƙaƙƙiyar ciyawa take yi.

Abu ɗaya ne bai taɓa ɗaga mata ƙafa a kansa ba. Wata ranar Lahadi ta makara, ba ta je ba, kuma ko ɗigo ba a yi ba, sai ranar Litinin ta cike gurbin da sifili. Ya duba littafin, ya duba ta.

“’Yata, kin zo jiya?”

“Ai ba a yi ruwa ba, Baba.”

“Ban tambaye ki ruwa ba. Kin zo?”

Ya miƙo mata reza, ya tsaya a kanta har ta kankare sifilin. Ya sa ta ja ɗan gajeren layi a wurin, abin da yake kira ɗan kara.

“Sifili shaida ce,” ya ce. “Na je, na duba, babu. Ɗan kara kuwa cewa kika yi ban je ba, ban sani ba. Kada ki ƙara ba ni shaidar abin da ba ki gani ba.”

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Ƙofa ta buɗe, Mai Uku ya fito yana goge goshi, ya ɗaga mata babban yatsa.

Mutum biyu ne a ciki. Darakta, wanda ta sani tun yana ƙaramin ma’aikaci mai aron biro, da wata Injiniya da aka ɗauko daga waje don ta tantance su. Anti Rajista ta zare takardar daga leda ta miƙa da hannu biyu. Darakta ya ce masha Allah, ya tura wa Injiniya. Injiniya ta dubi hatimin, ta kife takardar a gefe, ta juyo da kwamfuta.

“Ga awon shekara talatin, tasha goma sha biyu. Ki fitar min da matsakaicin ruwan da ake samu a rana cikin watan Agusta, kowace tasha da nata. Minti goma.”

Ta gyara tabarau ta fara. Layi huɗu ta rubuta. Ta danna, lambobi goma sha biyu suka jeru.

Injiniya ta leƙo. “Daidai. Abin da muke da shi ke nan, kuma abin da na gabanki ya samu ke nan. Minti huɗu ma kika yi.”

Darakta ya gyaɗa kai, fuskarsa a sake. Da ta tashi a lokacin, da an rabu lafiya.

Amma idonta ya tsaya a tasha ta bakwai. Tasha ta bakwai a bakin kogi take, gindin duwatsu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar littattafanta ya san takardunsu a kumbure suke saboda laima. Ba ta taɓa zama ta tara a yawan ruwa ba. Ga ta nan ta tara.

“Ina neman minti biyu,” ta ce.

Ta ƙara rubuta layi, ta buɗe ranakun tashar ɗaya bayan ɗaya, tana gangarawa. A wata shekara, cikin Agusta, sifili goma sha tara ne a jere.

Ta san shekarar. Ita ce shekarar da ruwa ya cinye hanya, mai awon tashar ya kwana goma sha tara bai iya tsallakawa ba. Ta san shafin ma, ɗan kara a kan ɗan kara daga sama har ƙasa, kamar tsani. Ranakun da ruwa ya fi yawa su ne ranakun da ba a auna ba, kuma su ne kwamfuta ke cewa ko yayyafi ba a yi ba.

Kuma ta san hannun da ya rubuta sifilan nan. Shekara huɗu da suka wuce, da aka kawo kamfanin da zai juye littattafan a kwamfuta, ita aka zaunar ta shigar. Duk inda ta bar gurbi babu komai, sai allon ya yi ja ya ƙi wucewa. Ta kira mutumin kamfanin, yana waya, ya rufe bakin wayar da tafi ya ce, “Sa sifili kawai, Anti, duk ɗaya ne.” Ranta bai kwanta ba. Amma littafi ɗari uku ne a gabanta, ga wa’adi. Ta sa na farko da ƙyar, na ɗari kuwa ko ji ba ta yi ba.

Abin da ya fi ci mata rai, tambayar ta fito a jarrabawarta. Gurbin da ba a san abin da ke cikinsa ba, NULL suke ce masa, kuma idan ana fitar da matsakaici, kwamfuta tsallake shi take yi. Sifili kuwa ƙirga shi take yi, ya ja lissafin ƙasa. Ta amsa daidai, ta ci makinta, ba ta taɓa haɗa tambayar da hannunta ba sai yanzu.

“Akwai matsala ne?” in ji Injiniya.

“Tambayar da na rubuta daidai ce. Amsar ce ba daidai ba.”

Ta juya musu allon, ta nuna sifilan da bakin biro, ta yi bayanin ɗan kara a taƙaice. Injiniya ta jawo kwamfutar gabanta, ta daɗe tana gangarawa.

“Ranka ya daɗe,” ta ce wa Darakta, ba tare da ta ɗago ba, “waɗannan lambobin ne kuke ba masu gina hanya su yanke faɗin kwalbati da su?”

Darakta ya leƙo allon. Ya cire tabarau ya ajiye. “Wa ya shigar da su haka?”

Sunan kamfanin na bakinta. Kamfanin ma ya daɗe da rushewa, ba mai ƙaryata ta.

“Ni ce.”

“Ke?”

“An ce in sa, na sa. Amma na san ba ɗaya ba ne tun kafin a ƙera kwamfutar nan.”

“Guda nawa ne?”

“Ban sani ba. Dubbai. Duk tashoshin.”

“Anti,” ya ce, muryarsa ta koma irin ta lokacin aron biro, “kin san a wurin neman aiki kike zaune?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Injiniya ta tambaya ko akwai hanyar da za a gane sifilin gaskiya daga na ƙarya a cikin rumbun. Ta ce babu, a kwamfuta duk kamarsu ɗaya. Sai dai a koma littafi, shafi-shafi. Injiniya ta rubuta wani abu, ta ɗauko takardar shaidar daga gefe, ta miƙa mata. Ta mayar da ita cikin leda ta fito.

Ranar Alhamis wasiƙu biyu suka fito. Mai Uku ya samu gurbin. Ita kuma an ba ta aikin wucin gadi na wata tara, a ƙarƙashinsa, ta bi littattafan ta gyara abin da ta ɓata. Ba a ce komai a kan wata na goma ba. An buga wa mai mota waya aka ce ya dakata.

Auta ta karanta wasiƙar sau biyu a tsaye. “To Mama, takardar nan ta yi amfani ko ba ta yi ba?”

“Ta yi mana. Ita ta tona min asiri.”

“Wata shida kina hana ni kwamfutata don ki kai ƙarar kanki?”

“Wuce ki ɗora min ruwan wanka.”

Aka buɗe ɗakin ajiya, aka saka tebur da kwamfuta a inda kabad na uku yake a da. Ta fara da tasha ta bakwai. Littafi a hagu, allo a dama, rula a ƙarƙashin layi. Tana gane masu awon da rubutunsu, ko ba ta duba suna ba. Akwai mai yin bakwai kamar ƙugiya, akwai mai danna fensir har ya fito a bayan shafi, akwai wanda duk ranar da aka yi ruwa mai yawa sai ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar, kamar shi ya yi ruwan. Yawancinsu sun rasu. A rana takan goge sifili sittin, wata rana tamanin.

A mako na uku Mai Uku ya sauko da wani littafi a hannu. Ya ce ya ɗauki ’yan kaɗan ne ya rage mata.

“Ranka ya daɗe da kansa?” ta ce. “Da ka aiko an kira ni.”

“Haba Anti, ki bar ni da abin da ke damuna. Duba min nan. Sifili ne ko kara?”

Ta karɓa. Littafin tsohon ma’auni ne na bayan ofis, rubutun Baba Mai Kwalba. Ruwa ya taɓa ɗiga a shafin tun shekarun baya, gurbin ranar sha huɗu ya zama tabo mai ruwan toka. Ta kai shi bakin taga, ta karkata shi, ta juya shafin ta duba ta baya. Ta san hannun nan fiye da nata, amma tabon bai nuna mata komai ba.

“Ke da kika san shi, me kike gani ya rubuta?”

“Ban sani ba.”

“Ko da hasashe ne. Sai na sa wani abu fa.”

Ta rufe littafin ta miƙa masa.

“Bar gurbin haka, babu komai,” ta ce.