Giga Takwas a Gurbin Biyu

Bayan sallar isha'i aka fara jin ƙarar a wani gidan haya da ke Shamaki. Tit, tit, tit, sai ta ɗauke, sai ta dawo. Ba kukan gyare ba ne, ba kuma na waya ba. A shekarar nan kuwa, da abubuwa ke ta fashewa a tashoshin mota, ko faranti ya faɗi sai mutane sun dafe ƙirji.

Iya Zulaihatu mai ƙosai, wadda ɗakinta ke bakin zaure, ita ta fara fitowa da takalmi ƙafa ɗaya.

"Jama'a ku fita! An ajiye mana abu a gidan nan!"

Malam Inuwa yana jin ta daga ɗakinsa, amma ya kasa tashi, don abin a kan cinyarsa yake. Tsohuwar laftof ce ta ɗansa Suhaib. Fuskarta baƙi ƙirin, sai kukan nan kawai take yi kamar ɗan tsako ya faɗa rijiya. Matarsa Saudatu ce ta ɗaga labule ta ce wa Iya ta kwantar da hankalinta, kwamfuta ce.

"Kwamfuta? Malam, da tsufanka ka koma haɗa wayoyi da dare? Ka bari sojoji su ji, duk gidan za su kwashe, har da kaskona!"

Ya danne maɓallin har ƙarar ta mutu.

Suhaib yana karatu a Mubi lokacin da 'yan bindiga suka shiga garin. Tun daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. A makon nan wani direban Yola, tsohon abokin Malam, ya kawo masa filash, ɗan abin nan da ake adana hotuna a ciki, ya ce wani mai ɗaukar hoto ne ya zagaya sansanin 'yan gudun hijira da kyamara, kuma ya ga kamar yaron a layin karɓar abinci. Kamar dai, bai rantse ba.

Malam ya sa filash a laftof ɗin da Suhaib ya bari a gida. Hoton ya buɗe, amma tafiyarsa irin ta mai ciwon ƙafa: mutum zai ɗaga hannu ya daskare, can sai a ga wasu mutane daban a wani wuri daban. Fuskokin da ke tsakani duk sun wuce ba a gan su ba. Da zai iya kai filash ɗin shago a buɗe masa, amma a lokacin nan saurayin da ya ɓace daga wancan yanki, ba kowa ke cewa Allah sarki ba. Wasu tambaya suke yi, gudu ya yi ko bin su ya yi? Shi ya sa Malam ya fi son ya gani a ɗakinsa.

Ya kai laftof ɗin wurin Arinze mai gyara a kasuwa, ya ce masa nauyi take yi kawai. Arinze ya kwance wata 'yar ƙofa a bayanta, ya nuna masa wani ɗan falle kore mai haƙoran zinariya, ya ce ram ke nan, shi ke ba ta saurin aiki, giga ɗaya ne, ya yi kaɗan, ya dawo jibi. Malam ya daɗe yana kallon fallen. Baƙaƙen murabba'ai a jere kamar gonaki in an hango su daga kan dutse. Jibi ta yi masa nisa. A hanyar gida ya tsaya wurin wani mai tebur ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne girma da gudu. Aka ba shi mai giga takwas. A ganinsa, yadda ya yi shekaru yana ganin ana sa wa mota babban tanki ta yi doguwar tafiya, haka wannan ma. A gida ya cire tsohon fallen ya sa sabon, ya shiga gurbin daidai, har da 'yar ƙara ƙas. Daga nan sai kuka.

Washegari ya naɗe laftof ɗin a ɗankwalin Saudatu ya hau keke napep zuwa wurin Arinze. A shingen bincike aka sauke su, kowa hannu sama. Soja ya nuna ƙunshin da bakin bindiga ya ce a kunna. Malam ya kwance ɗankwalin. In ta yi kukan nan a gaban waɗannan mutane fa? Ya ce batir ya mutu. Sojan ya dubi furfurarsa, ya dubi layin motoci, ya kaɗa hannu su wuce.

Arinze na ganin fallen ya kama kai.

"Baba! Wa ya sayar maka da wannan? Na ce jibi, ka je ka auro mata wanda ya fi ƙarfinta."

"Ai ya shiga lafiya, ɗana."

"Shiga daban, ganewa daban. Wannan tsohuwa gurbi biyu gare ta, kowanne giga biyu ne iyakarsa. Haɗa duka, huɗu. Ka ba ta takwas a gurbi ɗaya, ba ta san yadda za ta ƙirga shi ba, sai ta tsaya tana kiran taimako."

"To gudun fa? Mai teburin ya ce wannan ya fi gudu."

"Ko da ta karɓe shi, da tafiyarta zai yi, ba da tasa ba. Ita ke riƙe da linzami. Wani lokaci ma ba ta karɓa sam."

Malam ya tambaya a hankali ko ya kashe ta ke nan, da duk abin da yaron ya bari a ciki.

"Ba ta mutu ba, fushi ta yi." Arinze ya zaro fallaye biyu daga wata gwangwanin madara, ya hura gurbin, ya danna su. Fuskar ta yi haske. "Amma Baba, ka ji da kyau. Za ta sami sauƙi, ba za ta zama sabuwa ba. Nan ne ƙarshenta. Me kake son kalla ne haka da gaggawa?"

"Hotunan biki," in ji Malam, yana kallon ƙasa.

Da la'asar ya rufe taga, Saudatu ta zauna a gefensa. Iya Zulaihatu ta shigo neman ashana, ta ga fuskokinsu, ta nemi wuri bakin ƙofa ba tare da an ce ta zauna ba.

Yanzu hoton yana tafiya. Rumfunan leda, mata da robobi, wani tsoho yana ɗaure akuya a jikin tutar makaranta. Malam ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Layin abinci ya zo, maza a jere, kyamara na bin su ɗaya bayan ɗaya. Can baya, kusa da tankin ruwa, wani dogon saurayi mai shuɗiyar riga ya juyo, kafin mai ɗaukar hoton ya kau da kyamara.

Malam ya mayar baya ya tsayar. Tsayin ya yi daidai. Yadda ya karkatar da wuya ma haka. Amma fuskar 'yar mitsitsiya ce, da ya ƙara mata girma sai ta watse ta zama ƙananan murabba'ai masu launin ƙasa. Ya mayar, ya sake tsayarwa. Saudatu ta sa yatsa a kan rigar, ta bar shi a wurin.

Iya ta miƙo wuya daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa ƙasa.

"Malam, shi ne?"